Kifin da Tela Ya Zaɓa

"Tallabo shi ta ƙasa, Tela, kada ruwan ya zube," in ji 'yar Baba Mai Kifi, tana riƙe masa labule.

Tela ya shigo ɗakin da akwatin gilashin a ƙirji. Tun ranar da aka kai Baba asibiti akwatin yake shagonsa, kan tebur, kusa da keken ɗinki. A cikinsa akwai 'yan mitsi-mitsin kifaye masu ratsin shuɗi da ja, waɗanda ke yawo a gungu kamar 'yan makaranta an tashi. Baba ya bar masa amana da sharaɗi: abinci ɗan tsunkule da safe, kada a kashe injin kumfa, kada a ƙara kome.

Amma Tela mutum ne mai son ado. Ya ga akwatin ya yi masa fayau, kamar riga babu aiki a wuya. Ya je wurin mai sayar da kifin ado ya zaɓo wani mai faɗi kamar tafin hannu, ruwan azurfa, fika-fikansa na jan ƙasa. Yadda yake zaɓen zare haka ya zaɓe shi: azurfa ai ta dace da shuɗi. Nufinsa idan Baba ya dawo ya yi murna.

Kullum garin Allah ya waye sai gungun ya ragu. Da fari ya zargi kyanwar maƙwabta. Kafin ya gane, saura ɗaya.

Yanzu ga Baba an sallamo shi, likita ya ce a kai shi gida ya huta, kowa kuma ya san ma'anar hutun. Abin da ya fara nema shi ne yaransa na ruwa.

Aka ajiye akwatin kan kujera dab da gado. Tsohon ya juyo da kai da ƙyar. Ya daɗe yana kallo, leɓunansa na motsi, yana neman waɗanda babu. Tela ya soma bayani, maganar ta sarƙe masa.

"Wannan baƙon naka kyakkyawa ne," in ji Baba. "Ka dubi rigarsa, ba ka dubi bakinsa ba."

"Baba, ka yafe mini."

"Kai da ko maɓalli sai ka gwada shi da rami. Kifi ma haka ne, ɗana. Duk wanda ya shige bakin wani, abincinsa ne."

Ya yi 'yar dariya, tari ya karɓe ta. Da ya lafa sai ya roƙi a raba su, ya ce babban ba mugu ba ne, gidan ne ba nasa ba. Ƙaramin kuwa a samo masa 'yan'uwa, irinsu ba sa daɗewa su kaɗai. Tela ya yi alkawari zai kawo su ya gani da idonsa.

Mai sayarwa ya ce irinsu sun ƙare, sai an kawo wasu. Ranar da aka kawo, Tela ya shigo layin da leda cike da ruwa a hannu, ya tarar da takalman masu ta'aziyya jibge a ƙofar gidan Baba.

Da yamma ya kwance ledar a shagonsa, ya juye su cikin akwatin da ya mayar can bayan ya cire babban. Sababbin suka dunƙule a kusurwa. Ɗayan nan da ya rage ya fito daga bayan dutse, ya zagaya su a hankali, sannan ya shige tsakiyarsu.