Tsutsar da Ta Tsira

Inna Mai Kabeji ta yaye buhun da ke kan kwandon. Kabejin nan fes yake, sumul kamar an goge shi da tawul.

"Wa ya taɓa min kaya?"

Matar ɗanta, wadda ta rako ta kasuwa, ta yi murmushin jiran yabo. "Ni ce, Inna. Na cire duk ganyen da tsutsa ta ci, na wanke ƙasar. Ai kin ce yau mai girkin asibiti za ta zo."

Shekara shida Inna tana noma da kashin shanu da ruwan darbejiya, ba takin zamani, ba feshi, kuma hujin ganyen nan shi ne abin da masu saye ke fara dubawa. Yau mai girkin za ta zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa kai wa majinyata ganye har shekara, ga yarinya ta wanke shaidar tas.

Dogo, maƙwabcinta a rumfa, ya riga ya kafa allo: BA FESHI. Kabejinsa kuwa huji ta ko'ina. Da mai girkin ta iso, wajensa ta tsaya tana jinjina kai.

"Kin gani, Hajiya," in ji shi, yana hararar kwandon Inna. "Abin da tsutsa ta ƙi, ai magani ya sha."

Inna ba ta yi fushi ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki ganyensa ɗaya, ta ɗaga shi saitin rana.

"Dogo, tsutsarka ta yi makaranta. Dubi hujinta, duk girma ɗaya, a jere." Ta juya ga mai girkin. "Tsutsa daga gefe take gaigaya, bakin wurin ya bushe, ta bar kashinta. Wannan har yanzu ruwa yake fitarwa. Ƙusa ce."

Masu rumfunan gefe suka ƙyalƙyale da dariya. Mai girkin ba ta yi ba.

"To, naki fa, Inna? Ko huji ɗaya babu."

"Babu. Kuma ko da akwai, kada ki yarda da ni don huji ko allo. Ki zo gona ranar da kika ga dama, ba sai kin faɗa ba. Ki ga jujin taki, ki buɗe ɗakin ajiya ki nemi kwalbar feshi. Shi ma ki tambaye shi hanyar tasa gonar."

Dogo ya ce tasa da ɗan nisa, kuma hanyar ba kyau.

Mai girkin ta karɓi wuƙa ta raba kabejin Inna biyu. Can cikin ganye na huɗu, wata koriyar tsutsa ta miƙe, ƙosasshiya, tana lanƙwasa.

Matar ɗan ta rufe fuska. "Wallahi na duba sosai, Inna."

"Na sani, 'yar nan."

"Jibi zan shigo gonar," mai girkin ta ce. "Ko gobe. A ɗaure min guda talatin yanzu."

Wata uku Inna ta yi tana tsince 'yan uwan tsutsar nan da hannu tana murƙushewa. Ta sa yatsa a hankali ta ɗauke ta, ta zaɓi ganye mafi laushi a kwandon, ta ɗora ta a kai.