Jakin Rumfar Sodangi

Ƙarfe biyu na rana ne, zafin bazara ya kai inda kwaltar gaban gidan talabijin take kama takalmi. Markus kafinta yana tsaye a ƙofar ofishin Abdulwahabu, mai shirya Rumfar Sodangi, hularsa a hannu.

Duk wanda ya yi wayo a Sakkwato zamanin soja ya san shirin nan. Ran Alhamis sai a cika gidan duk mai akwatin talabijin, a ga masu goge, a ga 'yan rawa, sannan Sodangi ya fito da ƙaton tumbinsa ya ba da dariya. Markus ne yake buga musu rumfar da katako. Matarsa Martha ta taɓa shiga shirin sau ɗaya, lokacin Kirsimeti, ta ja waƙa a gaban matan cocinsu. Da damina ta zagayo, zazzaɓi ya ɗauke ta. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba, sai abin da ke cikin faifan da aka ɗauki shirin a kansa. To, faifai kuwa daga waje ake kawo shi, kuma ba ya isa. In shiri ya kwana biyu sai a ɗauki sabo a kansa, tsohon ya tafi ke nan. Na Martha dai Allah ya sa har yanzu ba a kai kansa ba.

"Ranka ya daɗe, maganar 'yata Kande ce," in ji Markus. "Ta fara tambayata kamannin uwarta. Na yi mata alkawari ran Asabar zan kawo ta ta gani, ko minti biyu ne. Don Allah a bar faifan nan zuwa lokacin."

Abdulwahabu ya dube shi sama da ƙasa, ya yi murmushi.

"Ka zaka daidai. Wanda ka yi muna jaki ya tahi ƙauye. Shiga buhu yau, in bar maka abinka."

"Ranka ya daɗe, ni fa dattijo ne a coci."

"Wa ka ganin huskar jaki?"

Haka aka yi. Aka ɗaura masa buhunan gero, aka kifa masa kan jaki na kwali, ya durƙusa da ƙafa huɗu a ƙarƙashin fitilu masu zafi kamar murhu. Sodangi ya haye gadon bayansa da duk nauyinsa, yana tsula masa tsumagiya, ba ta wasa ba. Mutanen da aka tara a benci suna ta shewa. Markus ya cije leɓe, yana zagaya rumfar da shi kansa ya buga, gwiwoyinsa suna goguwa da siminti.

Can tsakiyar wasa, da Sodangi ya ji dariya ta fara sanyi, sai ya miƙa hannu ya fizge kan kwalin.

"Subhanallahi! Jama'a, jakin ga har gemu garai!"

Ɗaki ya kece da dariya. Mai kyamara ya matso har gaban fuskar Markus, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Da aka gama, ma'aikata suka taru a ɗakin na'ura don a ga yadda ya fito. Markus ya tsaya can baya, yana kaɗe zaren buhu daga wandonsa. Ya ga kansa yana rarrafe. Ya ga an cire kwalin. Aka sake yin dariyar, har wani yana riƙe ciki. Wasan ya ƙare, hoton ya yi rawa, sai ga fararen ɗankwalaye sun bayyana: matan coci ne, sun juya baya suna sauka daga dandamali. Ta ƙarshen ta fara waiwayowa, sai allon ya yi fari.

Markus bai san lokacin da ya ratsa mutane ya isa gaba ba.

"Ranka ya daɗe, a kan faifan nan aka ɗauka?"

Abdulwahabu ya ɗaga kwalin faifan ya duba.

"Au, shi na? Wallahi na mance. Sabbin an aje su don jawabin Gwamna." Ya dafa kafaɗarsa. "Kak ka damu. Zamna da ɗiyar ran Alhamis ta ga ubanta, shi ma ya shiga talabijin."

Sodangi ya ƙyalƙyale har da tari. Markus ya juya ya fita. Ya koma ɗakin wasan ya kwance rumfar, ya jera katakon a jikin bango yadda ya saba, ya tsince ƙusoshi ya zuba a gwangwani.

La'asar ta yi lokacin da ya fito. A bakin ƙofa ya tarar da Sodangi a kan basfa, yana ta bugawa ta ƙi tashi. Markus ya ɗan tsaya. Sai ya ajiye jakar kayan aikinsa, ya kama bayan basfar ya tura, yana ɗingishi, har ta yi tari ta kama. Sodangi ya ba ta wuta ya hau titi, ko waiwaye bai yi ba.