Bangon da Jawahir Ta Shafe

A unguwar su Jawahir, can gefen hanyar Rijau a Kontagora, famfo ado ne kawai. Ruwa sai na 'yan garuwa masu turo kura daga bohol, kuma ba kowa ke biya nan take ba. Mai ruwa zai juye jarkokinsa a randa, ya fito, ya ɗauki gawayi ya ja layi a bangon ƙofar gida, kura ɗaya layi ɗaya. Ƙarshen wata a biya shi, ya sa tsumma ya goge da hannunsa. Da hannunsa fa, ba da hannun masu gida ba.

Mai kawo wa Jawahir ruwa Baba Sati ne, wani dattijo daga ƙauyukan Rijau, mai Hausa a hankali kamar yana auna ta. Mijinta Bashiru direban babbar motar hatsi ne, sai ya yi wata bai leƙo gida ba, amma kuɗin ruwa bai taɓa fashin turowa ba. To, sai ga walimar saukar Alƙur'ani ta 'yarsu Rumaisa ta matso. Jawahir kuwa, Allah Ya yi ta da son a ce ta iya. Kuɗin ruwa ya tafi anko, na watan da ya biyo ya tafi kujerun haya, na bayansa ya tafi fenti. Layukan gawayi suka yi ta hawa bango har suka kusa kai taga.

Ranar da mai fenti ya zo, ya tsaya da burushi a hannu ya ce, "Hajiya, wannan zanen fa?"

Ta gan shi sarai. Ta kuma san ko na wane ne. Amma ta tuna dangin miji za su zo daga Auna, su fara cin karo da bashinta tun kafin su yi sallama. Ta ce, "Shafe kawai." A ranta tana cewa ai bayan biki za ta biya.

Da safe ta ji ƙarar kura ta tsaya a ƙofa. Ta leƙa ta kafar ƙyaure, ta ga Baba Sati yana kallon bango, shuɗi tas, yana sheƙi. Ya daɗe a tsaye. Bai yi sallama ba, bai yi faɗa ba, ya juya kurarsa ya tafi da ruwansa.

Ashe tafiyar ke nan. Washegari ta kira wani mai kura, ya ce an riga an saya. Ta kira wani, har da nuna masa kuɗi a hannu, ya kau da kai ya wuce kamar bai ji Hausa ba. Kafin a ce me, labari ya gama bakin bohol: gidan shuɗin bango sun shafe bashi. Randa ta bushe, tulin wanke-wanke ya fara tsami, ga biki saura 'yan kwanaki. Kunya ta hana Jawahir ko leƙa makwabta roƙon bokiti ɗaya, don ta san tambayar da za ta biyo baya.

Da abin ya ishe ta, ta kai 'yan kunnenta na zinari kasuwa, ta sayar a wulaƙance, ta zura hijabi ta nufi bohol da ƙafarta. Wayyo, tafiyar nan! 'Yan garuwa na jere a inuwa, suna ganinta hira ta mutu. Ta durƙusa gefen dattijon kamar mai gaida suruki.

"Baba, na yi laifi. Ga kuɗinka."

Ya karɓa, ya juya su a hannu. "Nawa ne bashin, Maman Rumaisa?"

"Ai kai za ka faɗa, Baba."

"Ni ban sani ba. Bango na bar wa ajiya." Ya sa kuɗin a aljihu. "Abin da kika ce shi ne, shi ne. Na yafe."

Ta ji sanyi a ranta, har ta yi saurin cewa to gobe a kawo mata ruwan biki, in Baban Rumaisa ya dawo sai a biya. Sisi ba ta rage ba, duk ta juye masa.

Ya girgiza kai. "In da kuɗi a hannu, kowa a nan zai kai miki. Bashi kuwa, a ina zan rubuta? Bangon da ake shafewa ba na zane a kansa."

Ta taso ta kamo hanyar gida. Biya ta biya, amma sunan bai dawo ba, kuma shi ne abin da ta fi buƙata.

A bakin layinsu ta haɗu da Cecilia, Maman Abel, mai tuyar ƙosai da ke haya a ɗakin da ke kallon gidanta. Tsakaninsu gaisuwa ce kawai, ita ma Jawahir daga nesa take jefa ta. Cecilia ta dubi idanunta ta ce, "Maman Rumaisa, na ji abin da ya faru. Shiga gida, bari in ga Baba."

Me ta faɗa masa, oho. Da hantsi dai sai ga kura ta tsaya, Baba Sati ya cika randa, ya cika durom, ya fito da gawayinsa. Ya wuce shuɗin bango ko kallo bai yi ba, ya tsallaka hanya, ya ja layi a bangon Cecilia, bulo tsirara wanda ko filasta bai samu ba. Haka ya yi ta yi. Girkin biki cin ruwa gare shi, ga baƙi masu wanka da alwala. Kafin ranar walima bangon Cecilia ya yi baƙi ƙirin, na Jawahir kuwa fes. Duk fitar da za ta yi sai ta sunkuyar da kai.

Walima ta yi kyau, ba ƙarya. Rumaisa ta yi karatu, mata suka yi guɗa, aka ci aka sha. Da la'asar Jawahir ta rako Hajiya Fure, yayar Bashiru, da tawagarta zuwa mota. Hajiya Fure ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ta shafa bango ta yaba fenti, sannan idonta ya faɗa tsallaken hanya.

"Kai! Wannan makwabciyar taku ba ta tsoron Allah ne? Ku dubi bashin ruwa kamar mai gidan wanka! Jawahir, ki yi nesa da irin waɗannan, kada su shafa miki hali."

Mata suka kwashe da dariya. Cecilia na nan tsaye daf da su, ɗauke da tukwanen da ta ara wa gidan biki. Ta ji komai. Ta dubi Jawahir sau ɗaya, ta ɗan girgiza mata kai alamar ta bar zancen, ta juya za ta shige ɗakinta.

Da Jawahir ta yi shiru, da shi ke nan, da mota ta tashi an wuce wurin. Amma sai ta matso kusa da Hajiya Fure.

"Yaya," ta ce, "ba nata ba ne. Nawa ne. Ruwan da kuka yi alwala da shi ne a bangon nan."

Dariya ta ɗauke. Hajiya Fure ta saki ƙofar mota. "Naki? To kuɗin da Bashiru ke turowa fa?"

"Na cinye, Yaya."

Cecilia ta ajiye tukwane ta kamo hannunta, tana cewa, "Ya isa haka, Maman Rumaisa, ya isa." Amma Jawahir ba ta tsaya ba. A tsakiyar layi, cikin ankonta mai walƙiya, hawaye na wanke mata hoda, ta faro musu zancen tun daga farko.