Minti Biyu a Hanyar Batsari

Shekara talatin da ɗaya Malam Armaya'u ya yi yana jan akori-kura tsakanin Safana da Batsari. Gero, dawa, gyaɗa, awaki, kayan ɗakin amare, babu abin da bai ɗauka ba, har gawa. Shekara biyar ke nan da ya ajiye makulli, kuma ba tsufa ya sa shi ba. Bara sai ga shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Hannun hagu da ƙafar hagu suka mutu, bayansa kuma ya zama ko a kan katifa aka juya shi da garaje sai ya yi ƙara.

Cikin 'ya'yansa, Sumayya ce ta gado shi a son mota. Tana aiki a wani kamfanin sayar da motoci a Abuja, ita ce mai zagayawa da masu saye tana yi musu bayani, ita ce kuma mai fita da su gwaji. Duk Juma'a takan kira shi, in an gama gaisuwa sai hira ta koma kan inji da taya.

A irin wannan kiran ne yayanta Mannir ya karɓe wayar ya fita zaure.

"Baffa Jinjiri na kwance a Batsari, jikin ya yi tsanani," in ji shi. "Baba ya matsa sai an kai shi. Shekaranjiya muka ɗauko shatar tasi, ko bakin gari ba mu fita ba muka juyo. Duk ramin da aka faɗa sai ya yi kamar zai suma."

Duk gidan an san abin da ke tsakanin tsofaffin nan biyu, ba a dai faɗa ne.

Jinjiri Bafulatanin Ruma ne, abokin Malam Armaya'u tun suna samari. Da aka kore masa shanu ya dawo cikin Batsari da iyalinsa. Wata ranar kasuwa, Armaya'u ya taso daga Batsari da fasinja goma sha shida a kan buhuna, cikinsu har da Yasir ɗan Jinjiri, magidanci mai 'ya'ya biyu. A tsakiyar hanya igiyar kaya ta kwance. Armaya'u ya tsaya, ya ce wa Yasir ya sauka ya ɗaure. Yana cikin ɗaurin sai babura suka ɓullo daga daji ana harbi. Armaya'u ya ja mota. Fasinja sha biyar suka isa Safana lafiya. Washegari aka tsinci gawar Yasir a gefen hanya. Armaya'u ya je ta'aziyya, Jinjiri ya amsa masa kamar yadda ya amsa wa kowa, daga nan magana ba ta sake haɗa su ba.

Aka yi dace a wannan makon kamfanin su Sumayya ya kawo motoci baje koli Katsina, ita ma aka zo da ita. Da aka tashi, ta sami manajansu ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ya daɗe yana juya biro a hannu, sannan ya ce ta ɗauki motar gwaji ta kwana ɗaya, da sharaɗin kada la'asar ta same ta a hanya.

Da hantsi ta shigo Safana. Motar baƙa ce mai ƙofa huɗu, doguwa, gajera a ƙasa, gabanta a sunkuye. Ko da ta tsaya a ƙofar gida injin bai daina wani gurnani mai kauri ba, irin wanda mutum ke ji a ƙirjinsa. Maƙwabta suka fito. Mannir da wani maƙwabci suka ɗauko Malam Armaya'u a kujera suka ajiye shi a inuwar zaure.

Sumayya ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ta tambayi kwanan mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Ya amsa duka, amma idonsa na kan motar.

"Wagga ita ce wadda kike ba ni labari?"

"Ita ce, Baba. Aji uku ake yin ta. Ta farko injinta silinda huɗu, kujerunta ba fata ta gaske ba ce. Ta tsakiya silinda shida, tana da rufin gilashi. Wannan ita ce ta ƙarshe, silinda takwas, ƙarfin doki ɗari biyar da wani abu, kuma duk tayoyin huɗu suna ja."

"Doki ɗari biyar," ya maimaita a hankali. "Tawa ko ɗari ba ta kai ba. Ina kulocinta?"

"Babu. Giya takwas gare ta, da kanta take canjawa."

"To direban me yake yi?"

"Yana riƙe sitiyari, yana addu'a."

Gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa. Mannir ya ce daga baya rabon da ya ga haka tun kafin ciwon.

Ba don doki ɗari biyar Sumayya ta roƙi motar ba, don kujerar ne da abin da ke ƙarƙashinta. Ta buɗe ƙofar gaba ta danna maɓalli, kujerar ta ja baya, ta kwanta rabi, ta ɗago wajen cinya. Suka sa shi a hankali. Ta sake danna wani, gefunan kujerar suka matso suka rungume haƙarƙarinsa, ɓarin da ya mutu ya daina zamewa. Ta kunna ɗumin baya. Ta yi masa bayani cewa motar ba a kan sifirin ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan iska ne, akwai kuma kyamara a gaba mai hango rami ta sassauta tayar kafin a isa. Ta ɗaga cikin motar daga ƙasa da kamar yatsa uku saboda hanyar, ta zaɓi tafiyar laushi a allon gabanta. Mannir ya shiga baya.

Ramin farko na bakin gari, wanda ya mayar da su ranar da suka ɗauko tasi, Sumayya ta shige shi tana satar kallon fuskar mahaifinta. Ya runtse ido yana jiran zafin. Motar ta ɗan nutsa ta taso kamar kwalekwale. Ya buɗe ido.

"Mun wuce shi?"

"Mun wuce, Baba."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Gero ya yi kai a gonaki, amma suna nisa da gari gonakin da aka nome suna raguwa, ciyawa na cin sauran. Yana nuna musu da hannun dama: nan ya taɓa fasa taya biyu rana ɗaya, can wata mata ta haihu a bayan motarsa, waccan rugar da babu kowa yanzu nan yake sayen nono. Gilasan motar masu kauri ne, ba a jin iska ko ƙarar taya, muryarsa kawai. Suka wuce shingen jami'an tsaro, aka leƙa, aka ga tsoho a kwance, aka ɗaga musu hannu.

Bayan shingen da kamar tafiyar minti goma sai ya yi shiru. Hanyar ta gangara wani kwari, ga tsamiya guda a hannun dama, daji ya matso har bakin kwalta.

"Sumayya, tsaya nan."

"Baba!" Mannir ya dafa kujera. "Nan wurin ba a tsayawa. Ko masu babur gudu suke in sun iso. Kuma dubi irin motar da muke ciki, daga nesa ake hango ta."

"Na san wurin na fi ka. Ɗiyata, minti biyu na roƙe ki."

Sumayya ta dubi madubi, ta dubi gaba. Babu kowa. Ta sauka gefen kwalta ta taka burki, ba ta kashe inji ba, ba ta cire giya ba. Ta sauke masa gilashi.

Malam Armaya'u ya dubi gindin tsamiyar. Babu wata alama a wurin, ciyawa ce kawai da wata tsohuwar leda. Ya ɗaga hannunsa guda mai motsi ya fara addu'a, yana kiran sunan Yasir da na ubansa. Hawaye na bin gefen fuskarsa yana shiga kunne. Mannir ya juya baya gaba ɗaya yana gadin hanya ta gilashin baya.

"Babura," in ji Mannir. "Sumayya, babura! Uku, sun fito ta hanyar daji, goyon biyu-biyu."

Ta gan su a madubi. Ba za ta iya cewa ga abin da ke rataye a kafaɗunsu ba, ko bindiga ko fartanya. Ta murɗa maɓallin da ke kusa da giya zuwa tafiyar gudu. Allon ya koma ja, motar ta sauko ta lafe da ƙasa, muryar injin ta canja.

"Baba, ka yi haƙuri."

Ta take totur har ƙasa. Tayoyin huɗu suka kama kwalta lokaci guda, wani ƙarfi ya manna su da kujeru, tsamiyar ta ɓace. Kafin Mannir ya kai ƙarshen salatin da ya fara, allurar ta wuce ɗari. Giya na shiga giya babu ko tangarɗa. Da ya sake waiwayawa, baburan sun zama ɗigo uku, sannan kwana ta shanye su. Har yau ba su san ko su wane ne ba.

Sai da ta hango rufin kwanon farko na Batsari ta sassauta.

"Na ji maka ciwo, Baba?"

Yana kallon gaba.

"Daƙiƙa nawa ta yi ta kai ɗari?"

"Huɗu. Ba ta cika ba ma."

"Tawa, da kaya a kanta, sai na ƙirga sittin ba ta kai hamsin ba. In da wagga ke hannuna ran nan, da na jira shi. Taku goma ne tsakaninsa da ƙofa."

Suka shiga gari.

Gidan Jinjiri na can ƙarshen wani lungu da motar ba za ta shiga ba. Aka aro kujerar roba, Mannir da wasu magidanta biyu suka ɗauki Malam Armaya'u a kai. Jinjiri na kwance a kan gadon kara a rumfar tsakar gida, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Matarsa Turai ta ga wanda aka shigo da shi, ta amsa sallama, ta shige ɗaki ta saki labule.

Aka ajiye kujerar dab da gadon. Suka gaisa, doguwar gaisuwa, jiki, iyali, damina, kowa na kallon wani wuri. Sumayya ta durƙusa daga gefe.

"Jinjiri, na zo ka yafe mini," in ji Malam Armaya'u.

Jinjiri ya juyo da kansa.

"Abu guda nika son ji, Armaya'u. Waɗanda ke cikin motar duk na tambaye su, kowa ya ce bai ga komi ba, kansa na cikin buhu. Kai ke da madubi. Ya biyo ka?"

"Ya biyo ni."

"Ya kira ka?"

"Ya kira. Baffa, Baffa, sau biyu. Na ji shi sarai. Ina ganinsa a madubi yana gudu da igiyar a hannu. Ƙafata ta je kan burki, na ji kukan matan da ke baya, na ɗauke ta. Ba wanda ya ce in tafi. Ni na tafi."

Daga bayan labule aka ji wani sauti, kamar an toshe baki da zane.

Jinjiri ya rufe ido. Ƙirjinsa na hawa yana sauka.

"Shekara biyar ana ce mini nan take ya faɗi, bai san abin da ya same shi ba," in ji shi. "Na san ƙarya ce. Yasir ba ya tsayawa wuri guda." Ya yi tari, aka ba shi ruwa. "Da ni ke riƙe da sitiyarin nan, ban san abin da zan yi ba. Na sha tunawa, ban sani ba. Na yafe nawa. Na uwarsa kuwa, wannan tsakaninka da ita ne, ban iya yi maka alkawari a madadinta."

Ya miƙo hannu. Na hagun Armaya'u ne ya fi kusa, wanda ba ya ji, shi ya kama ya riƙe. Suka zauna a haka har aka kira azahar. Turai ba ta fito ba.

Sun koma ne a bayan wata motar jami'an tsaro da ke tafiya Safana, a hankali, Malam Armaya'u na barci a kujerarsa. Sumayya ta sauke su, ta yi sallama, ta kama hanyar Katsina tun rana na sama.

Kwana tara bayan nan aka bugo wa Mannir waya daga Batsari cewa Jinjiri ya cika da safe. Ya shiga ya gaya wa mahaifinsa. Malam Armaya'u ya yi salati, sannan ya ce a sa masa farar riga, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a fitar da shi.

"Baba, a can Batsari ake zaman makoki," in ji Mannir.

"Na sani. Ɗan'uwana ne ya rasu. Wanda ke son yi mini ta'aziyya ya same ni a nan."

Kwana uku ya yi yana zama a ƙofar gidan daga hantsi zuwa la'asar. Tsofaffin direbobi daga tasha su suka fara zuwa, sannan mutanen unguwa.