Kwamfutar da Ke Wayar Gari Ba Ta San Komai Ba

Da kwamfuta shida Injiniya ya buɗe shagonsa, zamanin da mutane ke layi don shiga intanet. Yanzu kowa intanet ɗinsa na aljihu. Biyar sun mutu, ya jera su ƙarƙashin tebur, saura ɗaya mai gurnani, ita ke tura aiki ga tsohuwar firinta. Shi ba injiniya ba ne, 'yan layin ne suka laƙaba masa, bai kuma musa ba.

Sau biyu ƙanensa yana ce masa ya rufe shagon ya zo ya tsare masa sito. Yana da shekara hamsin da ɗaya, a ce ya koma karɓar umarni wurin wanda ya share wa majina. Ya ƙi.

Ana haka shugabar wata makaranta ta kawo takardun jarrabawa a buga, ta ce suna neman mai yi musu shafin da iyaye za su riƙa duba sakamakon yara. Bakinsa ya riga kansa, ya ce ai aikinsa ke nan. Ta ce za ta zo Alhamis ta ga samfur.

Litinin ya zauna, tabarau a kan hanci, bidiyo a waya, mai bayanin na zuba kamar an biyo shi. Abin da ya tsinta shi ne, kafin shafi ya hau intanet sai ka mai da kwamfutarka saba, wato ita za ta riƙa amsawa in an nemi shafin. Abu uku ake girkawa: Apache mai amsa kira, PHP mai aikin ciki, sai rumbun da sunayen yara za su zauna. Saukewa kaɗai ta cinye rabin yini. Ya kunna, alama ɗaya ta ƙi komawa koriya, wai wata manhaja ta tare ƙofa ta tamanin, wadda shafin zai bi ya fito. Ya yi ta lalube har ya canja lambar ƙofar. Dab da tashi ya rubuta localhost, adireshin kwamfutar kanta, shafi ya fito. Ya kashe, ya tafi gida yana dafe da ƙugu.

Talata da safe ya kunna, babu komai. Kamar hannu bai taɓa ta ba. Tela na shagon gefe, wanda suka yi shekara goma sha biyar suna tsokanar juna, ya leƙo ya ce ai tsufa ne, ta ɗauko halin mai ita. Injiniya ya ɗora wa bairos laifi, ya sake daga farko, wannan karon yana ajiye duk abin da ya sauke a filas. Da yamma aka ɗauke wuta. Aka dawo da ita, kwamfuta ta tashi fes, aikin ya sake tafiya.

Ya daɗe yana kallon fuskarta kafin idonsa ya faɗa kan wata 'yar alama a lungun ƙasa. Ƙanƙara. Haka masu shagon intanet ke kiran manhajar. Shi da hannunsa ya sa ta shekarun baya, don kwastomomi na cika masa na'ura da wasanni da tarkace. Duk abin da aka zuba, ana kashewa a kunna ya wanke. Har alfahari yake yi da ita a lokacin.

Narkar da ita sai da kalmar sirri. Ya gwada sunan matarsa, ranar haihuwar 'yarsa ta fari, lambar babur ɗin da ya sayar tuntuni. Ko ɗaya. Ya goge kwamfutar gaba ɗaya kuwa ba zai yiwu ba, faifan da ke haɗa ta da firintar ya ɓata, firintar kuma ita ke ci da gidansa.

Laraba ya shiga shagon Tela ya nemi aron batirinsa da inbata.

"Wato jinya za ka yi mata, kada ta rufe ido?"

"Kwana ɗaya ne, tsoho. Ba ni kawai."

Ya girka karo na uku, ya haɗa shafi mai akwati ɗaya, ya zuba sunayen yara biyar na ƙarya. Ya liƙa takardar kada a kashe a kan soket, ya bar ta kunne, ya kulle shago.

Alhamis shugabar ta zo, ta zauna a bakin kujera tana kare zanenta daga ƙura. Ta buga lamba, sunan yaro da makinsa suka fito. Ta sake buga wata. Ta gyaɗa kai, ta ce launin bai yi mata ba amma abin na aiki. Sai dai ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, kwamiti zai zauna Asabar ƙarfe goma.

"Ka ɗauko kwamfutar ka kawo ofis su gani, Malam."

Ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga bayanin ya fi ƙarfinsa, kuma zai fito da shi a wanda bai san kan na'urarsa ba. Ya tambaya ƙarfe nawa maigadi ke buɗe makaranta. Ta ce bakwai. Ya roƙa a bar masa ofishin a buɗe tun lokacin.

Bayan ta tafi Tela ya shigo karɓar batirinsa, ya tambaya ko a ka zai ɗora ta da wayoyinta har makaranta. Injiniya ya ce a'a, a kashe zai kai ta, ya sake girka komai a can. Ranar farko yini ya ci, ta biyu awa biyar, jiya awa biyu da rabi. Daga bakwai zuwa goma awa uku ne, in ba a ɗauke wuta ba.

"In an ɗauke fa?"

"Sai ka sake ba ni batir."

Ya kwafe shafin a filas, ya duba sau biyu ya tabbata ya shiga. Sannan ya sunkuya da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya zare soket ɗin.