Motar da Baba Direba Ya Zaɓa

"Ƙara taka mai!" in ji Baba Direba daga kan gadonsa.

Dillalin motocin ya taka. Injin dizal ya yi gurnani a ƙarƙashin tagar ɗakin har gilashinta ya yi rawa. Tela na tsaye a gefe, tef ɗin awo a wuyansa. Ya daɗe yana tarin kuɗin ƙaramar motar da zai riƙa kai 'yan matansa makaranta, yana kuma tsoron ya sayi wadda za ta cinye abincin gidansa a gareji. Maƙwabcinsa, tsohon direban da ciwo ya kwantar, da kunne yake gane inji. Shi ya sa Tela ya sa aka jero motocin a bakin tagarsa.

"Wannan ba ta shan mai," tsohon ya ce yana haki, "amma ta doguwar hanya ce. Kai daga gida sai makaranta sai shago. Ranar da famfonta ya lalace, keken ɗinkinka za ka sayar. A kawo ta gaba."

Ta gaban mai haɗin batir da fetur ce, fara tas. Tela ya riga ya ƙyasa.

"Ku tayar da ita mana," in ji tsohon.

"Baba, ai a tashe take," in ji dillalin.

Tsohon ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "Motar da ke ɓoye mini muryarta? Tambaye shi kuɗin sabon batir."

Dillalin ya sosa ƙeya, ya faɗa ƙasa-ƙasa. Gumi ya karyo wa Tela.

Ta ukun 'yar fetur ce, shuɗiya, ƙofarta ɗaya a kuje. Tsohon ya sa aka tayar, aka kashe, aka sake tayarwa.

"Za ta fi 'yan uwanta shan mai. Amma kowane makaniken bakin titi ya san cikinta, kayanta ba tsada. Ɗauki wannan, ɗana, ka samu barci."

Ranar da ta zama ta Tela, 'yan matan suka yi ta tsalle suna rigimar wa zai danna hon. Baba Direba ya kafe sai an fito da shi. Aka tallabo shi, ya tura kujerar gaba baya don dogayen ƙafafunsa, suka zaga unguwa.

"Sa giya ta uku, matsoraci! Tuƙi kake ko ɗinki?"

Tela na gumi yana dariya. Tsohon ya lumshe ido, iska na kaɗa masa gemu.

A makon nan ya rasu.

Bayan an share makoki, Tela ya fito kai yara makaranta. Autar ta haye kujerar gaba, wadda ke nan yadda Baba Direba ya bar ta, ta nutse can baya, ƙafafunta na lilo.

"Abba, matso da ni."

Ya ɗora hannu a kan ƙarfen kujerar, ya daɗe bai ja ba. Sai ya ɗaura mata bel, ya tayar da mota.