Wankan Nasiha

Wata ma'aikaciyar asibiti, Edwige, na tsakiyar jawabi da Faransanci, tana lissafa alheran Madam Ummuhani kamar mai yabon gawa, wayar Ummuhanin ta yi ƙara. Walimar ritayar Ummuhani daga aikin ungozoma ake yi a ɗakin haihuwa na asibitin, an jera lemo da soyayyen nama. Likitocin da suka shafe shekaru suna ɓuya in sun ji takunta, yau su ne a gaba wajen tafi.

Inna Mairamu ce, tsohuwar da ke wanke gawar mata a unguwarsu.

"Nasiha ta Alhaji Jafaru ta cika. Ana so a kai ta kafin la'asar, kin san zafin Garwa ba ya jiran kowa. Hannuna ya ƙi ɗaguwa yau. Ki zo."

Ummuhani ta miƙe ta ɗauki mayafinta.

"Madam, kyautarki fa?" in ji Edwige. "Darakta ma bai yi magana ba."

"Ya yi wa kujerata, ta fi ni haƙuri."

Ta tare ɗan acaɓa a bakin asibitin.

Abokan aikinta sun yi wa ritaya tanadi irin nasu: wannan ya sayi fili a hanyar Pitoa, waccan za ta buɗe kemis. Ita kuwa tun da daɗewa take bin Inna Mairamu gidajen rasuwa, tana riƙe mata buta. Har yau tsohuwar ba ta taɓa barinta ta yi wankan da kanta ba. Ta faɗa mata dalili kuma, ba kwana-kwana: "Hannunki ya iya, 'yata. Bakinki nake tsoro. Mai wanka abin da ta gani a ɗaki, a ɗaki take barinsa. Ke kuwa rayuwarki duk faɗar abin da kika gano aka biya ki ki yi."

Gidan ya cika. Alhaji Jafaru na zaure yana karɓar gaisuwa da fuskar mutumin da sai yau ya lura akwai mai dafa abincin da yake ci. A ɗaki an lulluɓe Nasiha da zane. Inna Mairamu ta zauna kan kujera 'yar tsuguno, ta nuna ruwan magarya da haɓa.

Ummuhani ta naɗe tsumma a hannu, ta yi bismillah, ta fara. Ta san Nasiha sama-sama: mace mai shiru da aka auro daga Yagoua tana da shekarunta, ba ta haihu a gidan ba, dangin miji kuma ba su taɓa barinta ta manta ba.

Da ta shafa cikin a ƙarƙashin zane, hannunta ya tsaya. Tabo ne, daga cibiya zuwa mara, tsoho, irin yankan da likitocin dauri suke yi. Ta taɓa ɗaruruwan irinsa. An taɓa ciro ɗa daga wannan cikin.

Ta ɗago ido. Inna Mairamu na kallon bango.

"Zuba ruwa," tsohuwar ta ce. "Ɓangaren dama tukuna."

Suka gama, suka sa kafur, suka ɗaure likkafani.

A tsakar gida Hajiya Ruƙayya, ƙanwar Alhaji, ta tare ta, da carbi a hannu da murya mai isa kowane lungu.

"Sannu, Madam. Allah sarki Nasiha. Aikin bai ba ki wahala ba ai, jiki kamar na budurwa. Ta zo ta tafi, ko zafin naƙuda ba ta sani ba." Ta juya wajen matan. "Juya dai ba ta bar wa kowa maraya ba, wannan ma rahama ce."

Wasu suka sunkuyar da kai, ɗaya ta yi 'yar dariya cikin mayafi.

Ummuhani ta ji maganar ta taso mata har maƙogwaro, a shirye, da kaifinta. Jimla ɗaya ta isa ta zaunar da Ruƙayya a gaban matan nan, ta wanke Nasiha karo na biyu. Ta kunyata farfesoshi a kan abin da bai kai wannan ba. Amma Nasiha ta sha wannan sunan shekara da shekaru da amsarsa a jikinta, ba ta ɗaga zane ta nuna wa kowa ba.

"Ke da kika san jikin mata," Ruƙayya ta ƙara, "ko na yi ƙarya?"

Ummuhani ta goge hannunta da gefen zane, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"A gaya wa maza su shigo da makara, Hajiya. Rana na yi."

Ruƙayya ta ɗan jira ko akwai ƙari. Babu. Ta tafi zaure tana jan carbi.

Inna Mairamu ta fito tana dafa bango. Ba ta dubi Ummuhani ba. Matan da ke kan tabarma ta yi wa magana, kamar mai saƙon cefane.

"Ran da nawa ya zo, kada ku tsaya neman kowa. Wannan za ku kira."